Tikiti Ɗaya a Watan Disamba: Messiah na Handel ko Oratoriyon Kirsimeti na Bach?

Wani ƙanena da ke karatu a Jamus ya turo mini hoton takardun talla biyu da ya gani a manne a ƙofar wata majami'a. Ɗaya ta Messiah ce, wato Almasihu, na Handel. Ɗayar kuma ta Oratoriyon Kirsimeti ce na Bach. Ya rubuto a ƙasa: "Yaya, kuɗin tikiti ɗaya gare ni, kuma ban taɓa shiga irin wannan taro ba. Wanne zan je?" Na fara ba shi amsa da saƙon murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ne wannan tambaya take gabansa ba idan Disamba ta kama.

Ga wanda bai saba ba, oratoriyo labari ne na addini da ake rerawa daga farko har ƙarshe, da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, da mawaƙa huɗu masu fitowa ɗaya-ɗaya, da makaɗa. Babu shigar wasan kwaikwayo, babu kai da komo a dandamali, kunne ne kawai yake aiki. Handel da Bach duk Jamusawa ne, a shekara ɗaya aka haife su, 1685, ɗaya a Halle ɗaya a Eisenach, amma har suka bar duniya ba su taɓa haɗa ido ba. Handel ya koma Landan ya zama mutumin gidajen wasa da masu sayen tikiti. Bach ya kama aikin shugaban mawaƙan coci a Leipzig a 1723, a nan kuma ya rasu a 1750. Wannan bambancin rayuwa shi ne yake fitowa a kowane sashe na waƙoƙin nan biyu.

Abin da nake so a fara riƙewa shi ne, duk wanda aka ɗauko a cikinsu aka ajiye a zauren kiɗa a daren Disamba, an ɗan raba shi da gidansa. Messiah don zama ɗaya aka yi shi, a gaban masu sauraro, amma ba don Kirsimeti ba. Na Bach kuwa Kirsimeti ne tsantsa, amma ba a yi shi don a ji shi a dare ɗaya ba. Idan ka gane wannan, rabin zaɓin ya ƙare.

Handel ya rubuta Messiah cikin kwana 24, daga 22 ga Agusta zuwa 14 ga Satumba 1741. Kalmomin ba nasa ba ne. Wani mai hali, Charles Jennens, shi ya tsinto ayoyi daga Littafi Mai Tsarki na Turanci ya jera su, kuma a ransa makon shan wahalar Almasihu yake nufi da su. An fara rera shi a Dublin ranar 13 ga Afrilu 1742, a wani zaure da ke titin Fishamble. An roƙi mata su bar manyan siket ɗinsu masu buɗewa a gida, maza kuma kada su zo da takubba, domin wuri ya ishi jama'a, har kusan mutum 700 suka samu shiga. Kuɗin da aka tara, wajen fam 400, an raba shi tsakanin asibitoci biyu da mutanen da aka ɗaure saboda bashi. Daga 1750 Handel ya riƙa gabatar da shi kowace shekara don tallafa wa gidan marayu na Foundling a Landan. Duk wannan a kakar Ista da bayanta ne. Sai daga baya al'adar Disamba ta kafu, musamman a Ingila da Amurka. A Boston, alal misali, ranar Kirsimetin 1818 aka rera shi cikakke karo na farko a Amurka.

Kashi uku ne, kuma na farkon kaɗai ya shafi haihuwa. Ko a cikinsa ma, yawancin abin da za ka ji annabci ne, daga Ishaya da Haggai da Malakai: a ta'azantar da jama'a, a shirya hanya a jeji, budurwa za ta yi ciki, mutanen da ke tafiya cikin duhu sun ga babban haske, an haifa mana yaro. Labarin daren haihuwar kansa bai fi 'yan mintoci ba. Ba a ambaci sunan Maryamu ko Yusufu ba, ba komin dabbobi, ba masu hikima daga gabas, ba Hirudus. Makiyaya ne kawai da mala'iku. Amma waɗannan 'yan mintocin suna da kyau ƙwarai. Makaɗa suna fara wani kiɗa mai sanyi irin na makiyayan Italiya, sai muryar mace mai siriri, sofrano, ta fito karo na farko a duk daren ta ce akwai makiyaya a fili suna gadin garkensu. Gogunan suna ta rawa a sama kamar fukafukai. Da kwaya ta ɗauki "Ɗaukaka ga Allah", kakaki biyu su shigo, kuma Handel da kansa ya rubuta cewa a busa su kamar daga nesa. A ƙarshe kiɗan yana sirancewa har ya ɓace, ka ji a jikinka mala'ikun sun koma sama.

Daga nan sai kashi na biyu ya juya zuwa gicciye. Waƙar da ta fi kowace tsawo a cikinsa ita ce ta alto, wato muryar da ke ƙasa da sofrano, mai cewa an raina shi, mutane sun ƙi shi, kuma takan kai minti goma. Halleluyar da kowa ya sani, wadda kwaya-kwaya a majami'unmu na Najeriya suke rerawa a bukukuwa, a ƙarshen wannan kashi take, kalmominta kuma daga Ru'ya ta Yohanna suke. Maganar mulkin Almasihu take yi, ba ta haihuwarsa ba. Kashi na uku na tashin matattu ne: na san Mai Fansata yana da rai, za a busa ƙaho, sannan doguwar Amin da ke rufe taro. Wato wanda ya je Messiah da Kirsimeti yana jin labarin Almasihu ne daga annabci har ranar ƙarshe, haihuwa kuma zango ɗaya ce a hanya.

Na Bach wani abu ne dabam. Waƙoƙi shida ne, kantata-kantata, kowacce da ranarta a sujada. An fara rera su a manyan majami'u biyu na Leipzig, ta Nikolai da ta Toma, daga Kirsimetin 1734: ta farko ranar 25 ga Disamba, ta biyu 26, ta uku 27, ta huɗu ranar sabuwar shekara, ta biyar Lahadin da ta biyo baya, ta shida 6 ga Janairu 1735. Labarin daga Luka 2 da Matiyu 2 yake, kuma akwai mawaƙi guda, tena, wato namiji mai murya ta sama, da ake kira Mai Bishara, wanda yake karanta ayoyin cikin rerawa, aya bayan aya. Ga ƙidayar Kaisar Augustas, ga tafiya Baitalami, ga rashin wuri a masauki, ga makiyaya, ga raɗin suna a rana ta takwas, ga tauraro da masu hikima da makircin Hirudus. Duk abin da yaro ya sani na labarin Kirsimeti yana nan. Bayan zamanin Bach aikin ya kwanta shekaru masu yawa, sai a 1857 aka farfaɗo da shi a Berlin. Yau a Jamus da wuya ka sami babban gari da ba a rera shi a Disamba.

Yadda suke buɗewa kaɗai ya isa ya nuna maka halinsu. Messiah yana farawa a natse, da kiɗa mai nauyi, sannan murya ɗaya ta fito a hankali da maganar ta'aziyya. Handel mai rowar kakaki ne da gangan. Sau huɗu kawai za ka ji su a duk daren, tambura kuwa ba sa motsi sai an zo Halleluya, bayan ka yi fiye da awa ɗaya da rabi a zaune. Shi ya sa idan suka faɗo, tsigar jiki take tashi. Bach kuwa da tambari yake buɗe baki, shi kaɗai, kafin kowa ya ce uffan. Sarewa ta amsa, algaitun Turawa su amsa, goguna su gangaro kamar ruwan sama, kakaki uku su ɗauka, kwaya ta ce ku yi sowa, ku yi murna.

Bahaushe zai gane wannan buɗewa fiye da yadda yake zato. A wurinmu tambari da kakaki kayan sarauta ne, ba a busa wa kowa. A Jamus ta wancan zamani ma haka suke, kayan fada ne da na manyan bukukuwa. Kuma asalin wannan waƙar ta fada ce: Bach ya rubuta ta a Disamba 1733 don bikin ranar haihuwar Maria Josepha, sarauniyar Poland, kalmominta na farko kuma kira ne ga tambura su yi ƙara, kakaki su yi amo. Da shekara ta zagayo sai ya cire kalmomin ya sa na Kirsimeti. Kiɗan da aka yi wa sarauniya ya koma na jariri a komin dabbobi. Ya yi irin haka a wurare da yawa. Waƙar renon da ke kantata ta biyu, wadda alto take lallashin jaririn ya yi barci, daga wata waƙa ya ɗauko ta da ya yi wa wani yarima ɗan shekara 11. Kada wannan ya sa ka raina aikin, don a lokacin ba abin kunya ba ne. Handel ma waƙarsa ta "an haifa mana yaro" daga wata waƙar soyayya ta Italiyanci ya samo ta, wadda ya rubuta 'yan makonni kafin nan.

Inda na fi jin bambancinsu shi ne wurin da kowannensu yake ajiye mai sauraro. Handel shela yake yi. Kai kana cikin jama'a a fili, ana sanar da kai babban labari da kalmomin annabawa, ba kuma mai tambayarka yadda ka ji. Bach ba ya barinka a nesa. Da Mai Bishara ya karanta aya, sai a tsaya a yi tunani a kanta, sannan kwaya ta rera baiti ɗaya daga waƙoƙin ikilisiya da mutanen Leipzig suka haddace tun suna yara. Baitocin nan sau da yawa da bakin "ni" suke magana. Na farkonsu tambaya ce: yaya zan karɓe ka? A ƙarshen kantata ta farko, da baitin Martin Luther, malamin nan da ya jagoranci gyaran coci a Jamus, kwaya tana roƙon ɗan jaririn ya shimfiɗa wa kansa gado mai laushi a cikin zuciyata, kuma tsakanin kowane layi kakaki uku da tambari suna amsawa. Magana ƙasa-ƙasa kamar ta uwa da ɗanta, amsa kuma irin ta ƙofar fada. Duk lokacin da na zo wurin nan sai na ajiye abin da nake yi. A kantata ta shida, bayan masu hikima sun miƙa zinariya da lubban da mur, sai kwaya ta ce a hankali, ga ni tsaye a bakin kominka, na kawo maka abin da kai ka ba ni.

Akwai kuma karin waƙar da Bach ya ɗora wa wancan baiti na farko, wanda masu zuwa coci suka fi sani da waƙar Jumma'a Mai Kyau. Masana sun yi ta muhawara ko da gangan ya yi don tuna gicciye, ko kuwa karin da aka saba rera baitin da shi ke nan. Ko ma dai yaya ne, da wannan karin yake rufe kantata ta shida, a wannan karon cikin kakaki da murnar nasara. Wanda ya ji kantata uku na farko kaɗai ba zai kai ga wannan ba.

Sai maganar harshe, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Messiah da Turanci ake rera shi, ayoyi ne gajeru da ake maimaitawa, wanda ya taso da Littafi Mai Tsarki zai riƙa gane su tun kafin a ƙarasa. Ko wanda ba Kirista ba, in dai yana jin Turanci, ba zai ɓata ba. Na Bach da Jamusanci ne, Jamusancin ma na shekaru kusan 300 da suka wuce. Ayoyin Bishara ba su da wuya, ka karanta Luka 2:1-21 da Matiyu 2:1-12 da Hausa kafin ka fita, ka gama da su. Amma waƙoƙin tunani da baitocin ikilisiya, waɗanda su ne zuciyar aikin, in ba ka san abin da suke cewa ba za ka ji daɗin sauti ne kawai, rabin abin ya wuce ka. Fassararsu da Turanci tana nan kyauta a intanet, kuma karanta ta ba ta cin fiye da rabin awa.

Tsawonsu kusan ɗaya ne idan an yi su cikakku, wajen awa biyu da rabi ban da hutu. Sai dai ba kasafai ake yin na Bach duka ba, don haka ka duba takardar talla da kyau. Idan ka ga I–III, haihuwa ce da makiyaya, wajen awa ɗaya da rabi, kuma shi aka fi yi kafin Kirsimeti. Idan ka ga IV–VI, raɗin suna ne da masu hikima, an fi yin sa wajen sabuwar shekara. Wasu sukan haɗa uku na farko da ta shida, ni kuwa wannan haɗin na fi so a dare ɗaya, don yana kai ka ƙarshen labari ba tare da gajiya ba. Duka shida a zama ɗaya abu ne na wanda ya riga ya saba, domin kowacce tana da tata buɗewa da nata rufewa, kamar cin tuwon salla shida a jere. Messiah shi ma akan datse shi. A wurare da yawa kashi na farko kawai ake yi a liƙa masa Halleluya a ƙarshe. Ba laifi ba ne, amma in har za ka biya kuɗi, nemi cikakke. Halleluyar da ta zo bayan ka zauna cikin waƙar raini da bulala da gicciye ba ɗaya take da wadda aka ɗora kan labarin makiyaya ba.

Su wa za su rera shi ma abin dubawa ne. Mawaƙan kwayar da ta fara yin Messiah a Dublin ba su wuce talatin da 'yan kai ba, amma a 1784 an tara masu kiɗa da waƙa sama da 500 a majami'ar Westminster Abbey ta Landan, daga baya ma dubbai, kuma har yau akwai masu son wannan taron dangi. Messiah yana jure hakan, babbar kwaya tana ba shi kwarjini. Bach ba ya jurewa sosai. Muryoyinsa a saƙe suke kamar tabarma, in mutane suka yi yawa ko majami'ar tana da amsa-kuwwa mai tsawo, sai su cakuɗe. Idan takardar ta ce da kayan kiɗa irin na dā za a yi, kakaki marasa maɓalli da goguna masu tsirkiyar hanji, to za ka ji sauti mai sauƙi da sauri, kuma a na Bach wannan riba ce babba, musamman a kiɗan da ke buɗe kantata ta biyu, inda algaitu huɗu suke tsayawa a matsayin makiyaya, goguna da sarewa kuma suna amsa musu. Ka sa rigar sanyi mai kauri in a tsohuwar majami'a ne, ka zauna inda kake ganin fuskar mawaƙa, kada ka tafa sai an gama kashi. A Ingila da Amurka jama'a sukan miƙe tsaye idan an zo Halleluya. Labarin da ake bayarwa cewa Sarki George na Biyu ne ya fara ba shi da hujja, amma al'adar ta zauna, in ka ga an tashi sai ka tashi.

Ga shugabannin kwaya na gida, a Jos ko Kaduna ko Zariya, da suke tunanin abin da za su koyar don Disamba, a nan ba na jinkiri: Messiah. Harshensa a hannu yake, takardun waƙarsa suna samuwa, kuma ana iya raka shi da ogan kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. Wahalarsa tana cikin dogayen gudu na murya a kan gaɓa ɗaya, irin na "an haifa mana yaro", waɗanda sai an fara atisaye tun damina. Na Bach yana bukatar tena mai doguwar murya da zai ɗauki aikin Mai Bishara, da gwanin kakaki na gaske, da algaitu iri biyu da ko a Turai sai an nemo masu su. Amma baitocin ikilisiyar da ke cikinsa murya huɗu ne masu sauƙi, gajeru, kowace kwaya mai horo za ta iya, kuma biyu ko uku daga cikinsu za su ƙawata daren waƙoƙin Kirsimeti. Wanda kuma zai je da yara ko yake tsoron dogon zama, ya nemi inda ake yin Gloria ta Vivaldi ko Sujadar Tsakar Dare ta Charpentier, Bafaranshen da ya gina ta a kan waƙoƙin Kirsimeti na mutanen ƙasarsa. Kowaccensu wajen rabin awa ce.

To wanne? Idan a Landan kake ko Amurka ko Legas, ba ka jin Jamusanci, kuma wannan ne karonka na farko, je ka Messiah, cikakke. An gina shi ne don ya riƙe baƙo daga farko har Amin, ba ya neman ka shirya komai. Idan kuma abin da kake nema Kirsimeti ne kansa, daren haihuwa da jariri da makiyaya, to Bach ne yake da shi, Handel leƙawa kawai ya yi ya wuce.

Ƙanena kuwa na ce masa ya sayi na Bach. Yana Jamus, yana koyon harshen, kuma Messiah zai same shi ko'ina a duniya, har da lokacin Ista da ya fi dacewa da shi. Amma jin Oratoriyon Kirsimeti a majami'ar Jamus, a tsakiyar tsofaffin da leɓunansu suke motsi tare da kwaya don sun haddace baitocin, wannan sai a can. Takardar da ya turo ta ce kantata ta ɗaya zuwa ta uku. Na tura masa fassarar kalmomin, na ce ya karanta Luka sura ta biyu a jirgin ƙasa, ya isa da wuri ya sami wuri kusa da gaba, ya kuma zuba ido kan mai tambari tun kafin shugaban makaɗa ya ɗaga hannu, don shi zai fara.